Yaron da Yaya Ba Ya Kiran Sunansa

A Kutama idan na ce na ga kura, sai an tambayi wani ko akuya ce ta gifta. Haka aka san ni, ban kuma taɓa damuwa ba. Wannan labarin dai zan rage masa gishiri gwargwadon iyawata, inda hannuna ya zame a yi haƙuri.

Ina da shekara goma sha bakwai aka tura ni Abijan wurin yayana Habibu. Shi ne ɗan farin gidanmu, ni ne auta. Ya daɗe bai zo gida ba, har yaran da aka haifa bayan tafiyarsa sun fara zuwa Islamiyyar mahaifinmu, Malam Idi. A waya Yaya ya ce in zo ya sa ni makarantar koyon gyaran waya. Baba ya amince, amma ya ɗora mini aiki guda: "Ka dubo mana yadda yake zaune. Abin da ka gani shi za ka faɗa, ban da ƙari." Ya kuma sa na haddace lambar Yaya kamar sura, har da tilawa bayan la'asar.

Ban ji na bar gida ba sai a iyakar Najeriya da Binin. Muna cikin layi, rana tana dafa mu, sai na ji an yi sallama da Hausa mai kyau a bayana. Wani mutum ne mai tsabta, da hula zanna da alamar sallah a goshi. Ya ce daga ina? Na ce Gwarzo. Ya dafe ƙirji ya ce shi ɗan Kabo ne.

"Ai Innata 'yar Kabo ce," na ce.

"Wane gida?"

"Gidan Alhaji Sale mai taki."

"Alhaji Sale! Ai tare muka yi makarantar allo."

Duk wanda na ambata ya san shi. Sai daga baya na lura ni nake fara kiran sunan, shi kuma ya amsa. Da na ce masa jakin kakana, da ya ce shi ya yi masa huɗuba. Ya ce wayar Najeriya ba ta tsallaka iyaka sai an yi mata rajista, in ba haka ba a ƙwace. Ya ce in kawo ya taimaka wa ɗan 'yar uwarsa. Na miƙa masa da hannu biyu, har da rusunawa. Ina jin har yanzu yana can yana yi mata rajista.

Na koma mota na zauna ina jiran baƙin ciki ya zo. Bai zo ba. Sai wani abu kamar idan ƙafa ta yi sanyi don daɗewar zama, ka tsungule ta ka ji kamar ta wani ce. Tun daga nan ya kama ni, kuma ya daɗe bai sake ni ba.

A Kwatano wata budurwa ta shigo ta zauna kusa da ni. Wandon da ke jikinta, na rantse sai dai idan a jikinta aka ɗinka shi. Ba mu yi nisa ba ta yi barci, kanta ya sauka a kafaɗata. Ni da ko 'yar maƙwabtanmu ba na haɗa ido da ita a gaban manya, ga ni da kan mace a wuyana. Na ƙame. Ƙasar Togo gaba ɗaya ban yi numfashi ba. A Kutama da wani ya gan mu haka, da kafin magariba an kai goro. Da aka tsaya shan mai ta farka, ta goge bakinta, ta sauka ta rungume wani saurayi da ke kujerar gaba, suka haɗa baki a gaban kowa. Na duba in ga wa zai yi salati. Wani tsoho mai carbi yana kusa da su, burodinsa kawai yake ci.

Wadda ta lura da ni wata Hajiya ce mai fataucin atamfa, Bahaushiyar Kumasi. Ta ga tun safe ban sa komai a baki ba. Ta miƙo mini shinkafa da wake a ganye.

"Ɗan nan, ci. Ido ba ya ƙoshi a hanyar nan, ciki ake lallashi."

Na gaya mata zancen waya. Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi mini faɗa ba. Ta ce bara mutumin nan ɗan Sakkwato ne. Ta ba ni tata wayar na kira Yaya, na karanto lambar ba gyara. A Ankara ta ƙasar Gana ta sauka. Ban tambayi sunanta ba, abin bai zo mini a rai ba sai da motar ta tashi.

A tashar Abijan na hango Yaya. Ya yi ƙiba, yana sanye da gajeren wando, gwiwoyinsa a waje kamar ɗan ƙwallo. Na durƙusa zan gaishe shi, ya cafko hannuna.

"Tashi, Nazifi. Nan ba a yin wannan, sai a ɗauka bara kake."

Sana'arsa sayar da wani abinci ne da ake kira garba, garin rogo ne da aka turara, da soyayyen kifi da barkono. Yana da rumfa a bakin titi, mutane suna layi tun hantsi. Makarantar gyaran waya kuwa kullum sai wata mai zuwa. Kasko aka ba ni da matsami. Na soya kifin da na tabbata teku ta ji a jikinta.

Gidan da yake haya tsakar gida ɗaya ne, ɗakuna a jere, famfo a tsakiya. Ya nuna mini wata doguwar mata mai fara'a, ya ce sunanta Sali, tana taya shi aiki a rumfa, ɗakinta ne wancan. Ni aka shimfiɗa mini katifa a ɗakin ajiya, tsakanin firiza da buhunan gari. Ya ce nasa ɗakin ana gyara. Har na bar garin ban ga magini ba, takalman Yaya kuwa kullum da safe a ƙofar Anti Sali suke kwana.

Anti Sali tana jin Hausa, irin ta mutanen Nijar, tana haɗawa da Faransanci. Ita ce bakina a gidan. Wata rana na tambaye ta wane ne mijin matar da ke ɗakin kusa da famfo.

"Na bana ko na bara?" ta ce.

Na yi dariya, na ga ita ba ta yi ba, tambaya take yi tsakani da Allah. A gidan nan akwai 'ya'ya, akwai girki, akwai faɗa da shiri, akwai masu sallah da masu zuwa coci, amma wa aka ɗaura wa aure da wa, ba mai tambaya. 'Yan mata suna fitowa daga wanka da ɗan tawul su tsaya hira da samari. Makon farko idona yana ƙasa har na haddace tsagar simintin gidan. Daga baya na daina sunkuyar da kai, ba don ina son kallo ba, sai don ba na ganin komai. Wata yarinya mai zuwa sayen garba ta riƙa kama hannuna tana wasa da yatsuna idan zan ba ta canji. Na jira in ji ko daɗi ko tsoron Allah. Na ji mai yana ƙonewa, na koma kan kasko.

Gida kuwa yakan zo mini ne ta hanci. Ruwan Abijan ba ya ƙamshi. Sai ya wuni yana zuba, ba ƙanshin ƙasa, ba yara suna tsalle tsirara, ba mai cewa gobe sai gona. Inna ta ɗauro mini kuka da daddawa in kai wa Yaya. Anti Sali ta ga ina yawan buɗe ƙullin ina shinshinawa, sai ta ce in koya mata. Miyar da ta yi, da za a zuba ta a rami da ta kama ɓera. Na cinye tas, na ce ko a Kabo sai haka. Ta ji daɗi har ta ƙara mini.

Tana da ɗa namiji, bai wuce shekara uku ba, mai ƙiriniya kamar an jiƙa shi a ruwan barkono. Yaya ya ce mini ubansa ya tafi. Ranar da na fara jin sunansa ina tsame kifi. Ya hau kan buhu, uwar ta daka masa tsawa:

"Idi, sauka nan, ɗan banza mai kunnen ƙashi."

Matsamin ya faɗi daga hannuna. Sunan Baba ne, a bakin mace, da zagi a bayansa, a bakin titi. A gidanmu ko wani baƙo ne mai wannan suna, sai dai mu ce masa mai sunan Malam. Na ce a raina ai masu suna Idi suna da yawa a duniya. Ni dai bakina ya ƙi, sai na riƙa kiran yaron Abba.

Daga nan na fara lura da Yaya. Yana wasa da duk yaran gidan, ya ɗaga wannan sama, ya kira wancan da sunansa. Wannan ɗaya kuwa sai "kai" ko "yaron nan". Idan yaron ya nufo shi da gudu ina wurin, sai ya tuna akwai abin da zai ɗauko a ɗaki. Ba ya ba shi abinci a baki, ba ya ɗora shi a cinya. Amma kifin da ya fi tsoka a gefe yake ajiye shi, ya cire ƙaya tsaf, ya tura wa uwar ba tare da ya ce na wane ne ba.

Na san wannan abin, a cikinsa na tashi. Tunda nake ban taɓa jin Inna ta ce Habibu ba, sai dai "yayanku" ko "wancan na Abijan". Kunyar ɗan fari ce. Mutum ba ya yi wa ɗan maƙwabta ita. Yaya ya bar durƙuso, ya bar dogon wando, ya bar abubuwan da ba zan lissafa ba, amma wannan ɗaya ta biyo shi har bakin teku, ita ce kuma ta tona shi.

Na ci gaba da suya.

Wata ranar kasuwa Anti Sali ta tafi sayo kifi ta bar mana yaron. Yana zagaya rumfa da gudu sai ya yi tuntuɓe, goshinsa ya daki bakin teburin ƙarfe. Jini ya rufe masa ido ɗaya. Yaya ne kusa da shi, hannu kawai zai miƙa. Ya ɗaga ƙafa, sai ya dube ni, ya tsaya. Yaron yana miƙo masa hannu biyu yana kuka, yana kiransa da kalmar da ko ban iya Faransanci ba na san ta uba ce. Yaya ya juya yana neman wanda zai aika.

"A kira Sali ta zo ta ɗauki yaron nan."

Ni na ɗauke shi. Na ruga kemis ɗin ƙarshen layi, aka wanke, aka ɗinke. Yaya yana biye da mu a baya, ya tsaya a waje yana leƙe ta taga. Da muka dawo kifin da ke kasko ya zama gawayi.

Da Anti Sali ta dawo maƙwabta suka ba ta labari. Ta fara da Faransanci, ta yi mai isarta, sannan ta juya Hausa don in ji.

"Kunya? Da kake shigowa ɗakina ba ka ji kunya ba, sai wurin ɗaukar ɗanka? Gaya ma ƙanenka wa ya haife shi. Gaya mishi, ko ni in gaya."

Yaya bai ɗago ba. Ya ce, "Ya sani."

Washegari da rana muna kankare kifi ni da shi a bayan rumfa, na ce, "Yaya, me ya hana a ɗaura?"

"Da farko babu hali. Nan kuma ba mai matsa maka, kowa haka yake zaune. Ana cewa gobe, ana cewa gobe, sai ga ciki."

"To yanzu fa?"

"Yanzu ko yau na ɗaura, ka san inda littafi ya ajiye yaron. Baba malami ne. Shi yake yi wa mutane wa'azi a kan wannan. Ka ce masa yana da jika ɗan gaba da Fatiha, kuma sunansa aka sa masa?"

"Kai ka sa sunan?"

"Wane suna zan sa?" Ya jefa kifi a roba. "Idan ka faɗa, ba ni da sauran gida a Kutama. Ka yi tunani."

Ita kuma Anti Sali ta same ni ina wanke kasko. Ba ta yi kuka ba, ba ta roƙe ni ba. Ta ce ubanta Bahaushe ne, mutumin Ƙonni. Haka ya zauna da uwarta, ba aure. Tana ƙarama ya ce zai je gida sallah, har yau sallar ba ta ƙare ba.

"Ban san ƙofar gidan ubana ba, Nazifi. In na mutu, can ba mai cewa Allah ya jiƙanta, ba su san an yi ni ba. Ba na son komi nasu. Su san yana nan, shi ke nan. In sun ƙi shi, su ƙi shi da saninsu."

Na ce to. Irin to ɗin da ake ce wa mai tallan magani a mota.

Na ƙara 'yan watanni. Makaranta ba ta zo ba, ni ma na daina tambaya. Yaron ya saba da ni, yakan hau bayana ina suya, ya koyi cewa "Kawu" da "ba ni". Da kaka ta gabato na ce zan koma in taya Baba cirar gyaɗa. Yaya bai hana ni ba. Ya raka ni tasha, ya yi ta ba ni saƙon gaisuwa gida-gida, bai ƙara tayar da maganar ba. Anti Sali ta cusa mini tsohuwar wayarta a aljihu, ta ce wannan an riga an yi mata rajista.

Na ɗauka idan na sauka Gwarzo abin da ya daskare a ƙirjina zai narke. A tasha na tarar da samari sun kewaye wasu 'yan mata biyu masu hijabi har ƙasa, suna rawa ana ɗaukarsu a waya. Kafin in kai Kutama abokina da ya ɗauko ni a babur ya nuna mini hirarsa da wata ɗalibar Baba, da hotunan da take turo masa. Yana dariya yana jiran in yi. Na ga abin da ya raba mu da gidan Abijan bai fi katanga da zaure ba.

Baba ya karɓe ni a zaure bayan ya sallami ɗalibai. Na durƙusa, gwiwata ta yi ƙara don ta manta.

"Yaya ka baro yayan naka?"

"Lafiya lau, Baba. Yana gaishe ku."

"Yana sallah?"

"Yana yi."

"Sana'ar tasa ta halal ce?"

"Kifi yake soyawa."

"Alhamdulillahi."

Bai ƙara tambaya ba, ni ma ban ƙara komai ba. Duk abin da na faɗa gaskiya ne. Na yi ƙarya iri-iri a rayuwata, ban taɓa yin wadda ta kai wannan nauyi ba.

Kwanaki suka wuce. Yaran unguwa suna bina in ba su labarin teku, ina cewa ruwa ne da yawa. Wata rana da la'asar Inna tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida, ta ce in zo in taya ta. Baba yana zaure, muna jin muryar yara suna biya karatu.

"Auta, kai da ka je Kano wuni ɗaya ka dawo mana da labarin wata uku, yau ka je bayan duniya ka dawo bebe. Me wancan ya yi?"

Na ɓare gyaɗa ɗaya, na ɓare ta biyu. Na tuna Yaya a bakin taga. Na tuna wadda ba ta san ƙofar gidan ubanta ba.

"Inna, yana da ɗa."

Hannunta bai tsaya ba.

"Ya yi aure bai gaya mana ba?"

"Bai yi ba."

Yaran zaure suka kai ƙarshen sura suka sake ɗaukowa daga farko. Na jira salati, na jira kuka, na jira ta ce ƙaryata ce ta motsa. Ta ce, a hankali:

"Uwar tana kula da shi?"

"Sosai. Ni ma ta kula da ni."

"Wa aka sa masa?"

"Sunan Baba."

Ta rufe ido, ta buɗe. Ta dubi ƙofar zaure.

"Wannan magana ba daga bakinka Malam zai ji ta ba. Ka bar ni da shi. Ba yau ba, ba kuma gobe ba, amma zai ji." Ta jawo wani tulin gyaɗar gabanta. Can ta ce, ba ta dube ni ba, "To yaya yake, mijin nawa? Mummuna ne ko?"

Haka kakanni suke tsokanar jikokinsu maza. Na ji abin nan da ya daskare mini ya fara narkewa, karo na farko tun daga iyaka.

"Mummuna ne ƙwarai, Inna. Kunnuwansa kamar faifai. Ga tabo a goshi. Ba ya zama wuri ɗaya."

"Na gidan nan ne," ta ce. "Yana cin tuwo?"

"Bai taɓa ganinsa ba."

Ta gyaɗa kai ta ci gaba da ɓara. Sai na lura ɓawon take zubawa a ƙwarya, gyaɗar tana watsarwa a ƙasa. Ban gaya mata ba. Na matsa kusa, ina tsincewa ina mayarwa.